Alamar Ruwa a Jikin Bango

Camberwell, Landan.

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga mahaifiyarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya sa makwancinki ya fi miki gidan da kika bari. Na san gidan waya ba ya kai takarda inda kike. Amma tun rasuwarki ban sami wanda zan zauna gabansa in faɗi maganar nan daga farko har ƙarshe ba tare da ya katse ni da "ki yi haƙuri" ba. Matan ɗalibai 'yan'uwana za su ga takardar nan, na sani. Su karanta. Ban ambaci sunan mijina ba.

Ranar wata Talata ce, cikin 'yan watannin zafin da suke yi a nan, bayan azahar. Tun daga ranar ban sake jin magana na yarda da ita kai tsaye ba, Inna, har da maganar surukinki.

Bari in fara kwatanta miki inda muke. Ɗakuna biyu ne a ƙarƙashin wani dogon gidan bulo. Sai kin sauka matakala takwas daga kan titi kafin ki iso ƙofarmu. Basement suke ce wa irinsa. Surukinki ne ya zaɓe shi tun kafin in iso. Ya ce ya zaga gidaje da yawa, duk sai an haɗa ƙofa da matakala da maza baƙi, amma wannan ƙofarsa daban, ga ɗan fili a baya da katanga ta kewaye shi, ba mai leƙo ki. Na ji daɗi ƙwarai. Nan nake shanya, nan nake tsifa, nan nake zama ba mayafi da littafina a cinya. Na mai da shi tsakar gida. Har na rubuta wa Gwaggo Laraba cewa na sami Kano ƙarama a ƙarƙashin Landan.

Ran nan na yi wa 'yata, takwararki, wanka, na shafa mata mai, na kwantar da ita a kan tabarmar da na zo da ita daga gida, a ƙasa, a ƙuryar ɗaki, kamar yadda kika kwantar da mu duka. Watanta huɗu a lokacin. Barci ya ɗauke ta, sai na ce bari in hau sama in mayar wa Iya Bose tukunyarta. Iya Bose maƙwabciyarmu ce ta hawa na biyu, mutuniyar Ikko, nas ce a babban asibitin unguwar nan. A Sabon Garin Kano ta yi ƙuruciya, Hausarta har da baƙar magana. Ba ta kirana da suna, sai "Amarya mai littafi."

Ina ɗakinta aka fara ruwa. Kin san ruwanmu na gida ba ya shigowa sai da sallama. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso, awaki su ruga, ki ji ƙamshin ƙasa, ki kwashe shanya, ki kife turmi. Wannan ba haka ya yi ba. Gari ya yi duhu kawai, sai ga shi kamar an tuntsurar da randa. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, sai na tsaya jikin taga ina kallo, ina jin kaina kamar yarinyar da ke cikin labarin da nake karantawa, wadda kullum ruwa ke samunta a bakin taga tana jiran wani.

Iya Bose ce ta leƙa titi. Ta ga ramin kwatar da ke bakin hanya, maimakon ya haɗiye ruwa, amai yake yi da shi. Ta juyo ta ce, "Amarya, ina kika bar yarinya?"

Ban san yadda na sauka ba. Ruwa na gangarowa kan matakalar nan takwas kamar daga bakin indararo. Ya riga ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa ɗakin farko, ya shiga ƙurya. Na tarar ya jiƙa tabarma, ya jiƙa bayanta da ƙeyarta, tana ta tsala kuka. Na sunkuce ta. Kafin in juyo ya kai mini idon sawu. Kafin in kai ƙofa ya kama ƙwaurina. Shinkafa ba ta isa ta nuna ba a ɗan lokacin da ruwan nan ya ɗauka ya wuce gwiwa a ɗakinmu.

Ba na son in yi tunanin abin da zai faru da Iya Bose ta tsaya zuba mini shayi kafin ta leƙa.

Da ruwa ya janye, akwatin da ke ƙarƙashin gado ya cika da laka. Zannuwan da kika ba ni sun yi wari. Ƙananan littattafaina na soyayya, waɗanda nake tsinta a teburin 'yan gwanjo a unguwar Peckham, sun kumbura sun manne da juna. Tun a gida kin sha ce mini, "Waɗannan takardun za su sa ki ƙona tuwo." Ba tuwo suka kusa sa ni asara ba, Inna.

Washegari mai gidan haya ya zo, hula a hannu, fuska kamar mai ta'aziyya. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya ce irin ruwan nan sau ɗaya ake yi a shekara ɗari. Surukinki ya fassara mini, ko da yake na ji da kunnena. Kuma na yarda. Har wani abu a zuciyata ya ji kamar an zaɓe ni ne, a ce abin shekara ɗari ya faɗo a kaina. Kin ga irin wautar 'yarki.

Bayan kamar mako guda, takardar adon da suke liƙa wa bango a nan ta fara ɓanɓarewa saboda laima. Na kama gefenta na ja. A bayanta akwai wata takardar, mai furanni. A bayan wannan akwai wata. Da na kai ga ainihin bangon, sai na ga layuka uku, ruwan ƙasa-ƙasa, sun zagaye ɗakin a miƙe kamar an ja su da zare. Ɗaya bai fi taki guda daga ƙasa ba. Ɗaya daidai gwiwata. Na ukun ya kusa ƙuguna.

Ba wanda ya koya mini karatun nan sai ke. Ina tuna ki bayan ruwan fari, kina bin gindin katangar gidanmu kina shafawa da tafin hannu, kina cewa, "Nan ya tsaya bara, nan zai ci bana," sannan ki aika a kira mai yaɓe. Na durƙusa a ɗakin nan na Landan na shafa bangon kamar yadda kike yi. Gidan nan bai yi shekara ɗari uku ba, Inna.

Da surukinki ya dawo daga makaranta na nuna masa. Ya ce tsofaffin gidaje haka suke da laima. Yana tsaye ya faɗa, yana kwance igiyar wuyansa. Bai sunkuya ba. Wannan ne ya fara tsaya mini a rai. Wanda aka nuna wa abin mamaki yakan sunkuya ya duba.

Sai na fara tuna abubuwa. A ruwan nan kaf, babu abinsa da ya jiƙe sai silifas. Takardun shaidar karatunsa, fasfonmu, rediyonsa, littattafan makarantarsa, har takalminsa na zuwa Idi, duk a saman kabad suke. Tun ranar da na iso a can na gan su. Kullum sai ya taka kujera ya ɗauko, ya taka kujera ya mayar. Ni a zatona tsabta ce da tsari irin na wanda ya yi makarantar kwana. Har yabonsa na yi a wata takarda da na rubuta miki kafin ki rasu.

Na kwana uku da abin a cikina, sannan na hau wurin Iya Bose. Ban ma gama tambaya ba ta ajiye cokali. Ta ce, "Haba Amarya, ai ranar da mijinki ya kawo kaya na tare shi a matakala na faɗa masa ruwa yana shiga ɗakin nan. Wannan ne na uku tun zuwana gidan nan. Ya ce Allah Ya kiyaye, ya ce kada in tsorata ki, ke yarinya ce." Ta dube ni ta ƙara da cewa, "Na zaci ya faɗa miki daga baya. Na ga kina ta karatu, na ce mai karatu ai ta san komai."

Inna, ba na cewa surukinki mugu ne. Ba ya wasa da salla, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma idan ya ga ba kowa yakan ɗauki yarinyar nan ya yi ta zagaya ɗaki da ita yana yi mata waƙar da ba ta da kai. Ranar ruwan, da ya dawo ya ji labari, ya karɓi yarinyar ya rungume ta. Amma ya san inda ruwa ke kaiwa, ya ɗaga takardunsa, ya bar ni ina shimfiɗa 'yarsa a ƙasa. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Abu ne da ba kullum ba." Ya ce idan da ya faɗa mini, da na ce mu koma sama, kuma sama babu sutura.

Tun daga nan yarinyar ba ta sake kwana a ƙasa ba. Da rana tana bayana, ko wanke-wanke nake yi. Idan gari ya ɗan yi duhu, sai in tsinci kaina a kan matakala ina kallon ramin kwatar nan.

To, yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Karatunsa ya ƙare. An ba shi aiki a Ikko. Kin tafi ba ki ga yadda ƙasar ta koma ba tunda kuɗin mai ya zo. Kowa ka ji, an ba shi gida da mota. Ana cewa jiragen ruwa na nan jere a bakin teku maƙare da siminti, sun rasa wurin sauke kaya. Wurin aikin nasa sun ba shi zaɓi biyu. Ko ɗakuna a hawa na uku na wani bene, can cikin gari nesa da ruwa, inda za a haɗa matakala da mutane. Ko kuma gida guda a ƙasa, sabo fil, da katangarsa da tsakar gidansa, a wata sabuwar unguwa ta bakin teku wadda aka cike da yashi aka yi gini a kai.

Kin san wanda ya zaɓa. Ya shigo da fara'arsa ya ce, "Ke da kike son teku, ga shi na samo miki."

Kuma gaskiyarsa ne, nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Ni na dame shi da teku. Duk littattafan nan nawa a gidan bakin teku suke ƙarewa, da farin labule iska na kaɗa shi. Sau ɗaya ya kai ni bakin teku a jirgin ƙasa, na tsaya cikin sanyi ina kallo har leɓena ya tsage, na ce masa ni dai a irin wurin nan nake so in tsufa. Bai manta ba.

An aiko da hotuna huɗu na gidan. Da a da ne, da na sa su ƙarƙashin matashi. Yanzu kuwa sai da na jira ya fita, na kai su bakin taga na duba ɗaya bayan ɗaya. Dokin ƙofar an ɗaga shi da bulo biyu, sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya shiga. Bangon fari ne, amma daga ƙasa zuwa wajen ƙugu an shafa masa wani fenti mai duhu, kuma ya fi na saman sheƙi. Motar maƙwabci tana kan wani tudun siminti da aka gina mata ita kaɗai. A hoto na huɗu, can gefe, bayan katanga, ga hancin kwale-kwale a kife. Mai ɗaukar hoton ya so ya kauce masa, bai kauce duka ba. Katangar kuwa doguwa ce, ƙofarta ɗaya. Na ce a raina, abin da ya hana ido shiga, ta ina zai bar ruwa ya fita?

Na kai wa Iya Bose. Ta sa tabarau, ta duba, ta yi dariyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ita ce ta bayyana mini abin da ban sani ba. Ta ce teku yakan cika ya janye sau biyu kowace rana. Idan ya cika, yakan toshe bakin magudanun gari. To idan ruwan sama mai ƙarfi ya sauko a daidai lokacin, ba shi da wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Ta ce har kogin garin nan da muke ciki haka yake hawa da sauka, saboda teku na kusa. Mu da muka tashi inda ƙasa ke shanye ruwa kafin a idar da salla, ina za mu san wannan?

Na tambaye ta sau nawa ake yi. Ta ce, "Amarya, a gidan uwata ba a tambayar sau nawa. Damina na kamawa ake ɗora gado a kan bulo. Wata shekara sau ɗaya. Wata shekara sau uku a wata guda. Wata shekara kuma shiru, har mutane su manta, to a shekarar ce masu gidaje ke fito da abin ɗaukar hoto."

Na gaya wa surukinki duk wannan. Ya ɗauko takardar da mai kula da gidajen ma'aikatarsu ya rubuto, ya karanta mini. Wai an yi babbar ambaliya a unguwar bara, saboda haka za a daɗe ba a ga irinta ba. Ya karanta ta da muryar wanda ya kawo albishir.

Na yi ta juya maganar nan. Ruwa ranar kasuwa ce, da za a ce ta ci jiya sai kuma mako mai zuwa? Wa ya ba shi layi? Idan abin da ya kawo shi bara yana nan, teku na nan, yashin na nan, damina na tafe, me zai hana shi bana? Na lura da wani abu kuma. Duk wanda ya ce mini "ba kasafai ba," mutum ne mai makulli a hannu yana son ya miƙa. Duk wadda ta ce mini "kullum ne," mace ce da ta taɓa kwashe laka daga ɗakinta da faranti.

Na zargi kaina ma, kada ki ce ban yi ba. Ya ce littattafai ne suka ɓata ni, wai a cikinsu kowane namiji yana da ɗakin da ya kulle. Wataƙila da gaskiyarsa. Wataƙila tsoron ranar Talatar nan ne bai sake ni ba, nake ganin ruwa a hoton da babu ruwa. Shi ya sa na bar maganar kwana biyu. Ran na uku muna karin kumallo, na tambaye shi a hankali, kamar ba komai, inda zai ajiye takardun shaidarsa idan mun tare. Bai ko ɗago ba ya ce, "A ofis, ai can ya fi." Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya ajiye burodin. 

Ofishinsa a bene yake, Inna. Zai fita tun safe ya dawo da yamma. Ni ce zan kasance bayan katangar nan, a garin da ban san kowa ba, ban iya yarensu ba, da yarinyar da ta fara rarrafe. Kuma babu Iya Bose a sama da za ta leƙa titi.

Da kina nan da na zo na kwanta a gefen tabarmarki, ki sa hannu cikin gashina kina cewa kitson nan ya tsufa. Takwararki goshinki ta ɗauko, har da yadda kike tattare gira idan ba ki yarda da magana ba. Har yau ban iya kiran sunanta ba. A asibiti idan aka ƙwala shi da ƙarfi a gaban mutane, sai in ji kamar ke aka kira, in rasa inda zan sa fuskata. Haƙora biyu sun fito mata. Tana son ruwa, kin ji, idan ana yi mata wanka har tafi take yi.

Na san abin da za ki fara cewa. Za ki ce mace tana bin mijinta, ke ma kin bi Baba duk garin da aka kai shi. Na san kuma abin da mutane za su ce, za su ce na je Ingila na koyo yaji. Ba yaji na yi ba. Ina son mijina, kuma ranar da ya karɓi ɗakunan benen nan, ko da mutum ɗari ake haɗa matakala da su, zan sa mayafina in bi shi ina murna. Abin da na kasa shi ne in sake ɗaukar yarinyar nan in shiga da ita wurin da aka san abin da ba a gaya mini ba. Na rubuta wa Gwaggo Laraba, ta amsa cewa ɗakinta na nan, ba ta tambaye ni dalili ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe miki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da Aljanna kan wahalar da kika sha da mu. Allah Ya raya takwararki, Ya tsare ta daga abin da muka sani da wanda aka ɓoye mana. Allah Ya sanyaya zuciyar mahaifinta, Ya sa ya gane ba don in ƙasƙanta shi na yi ba. Idan kuma ni ce a kan kuskure, Allah Ya nuna mini da sauƙi. Amin.

Jirginmu zai tsaya a Kano kafin ya wuce Ikko. Na gaya masa jiya da safe. A Kano za mu sauka, ni da ita. Ba zan shiga gidan nan ba.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Hadizatu